Ranar da Na Ɓoye 'Yar Hajara a Ƙuryar Ɗaki

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda yake ganin abin da ke bayan ƙofa ko an kulle ta. Salamarsa ta kasance tare da ku.

Ni ce Hannatu ta unguwar Nzeng-Ayong a nan Gabon, wadda kuke kira Maman Yara. Da hannuna na rubuta wannan shaida, ba wanda ya riƙe mini biro. In kun ga layi ya karkace ku yi haƙuri, sai da na yi jika kafin na shiga ajin koyon karatu. Kuma ba yabon kaina na zo yi ba. Laifi na yi, babba, Allah ya fid da ni.

Na daɗe ina riƙon yara. Matan kasuwa, yawancinsu Musulmi 'yan Nijar da 'yan Kano, su ajiye mini 'ya'yansu da safe, su ɗauka da la'asar. Ɗaki biyu ne da tsakar gida. Mutanen nan suna ce masa gardari, wato gidan renon yara, ni dai gidana nake ce masa, kuma ba ni da takardar izini ko guda. Tire ɗaya yaran ke ci, tabarma ɗaya suke barci. Har taƙama nake da haka. Kun kuma san bakina. Ba a taɓa koya mini reno na yi shiru ba.

Sai ƙyanda ta shigo unguwa.

Aka ce ma'aikatan lafiya suna bin gidajen da ake ajiye yara. Daga nan magana ta ƙaru a bakin mutane: wai rufe gidaje suke yi, wai suna tambayar iyaye kart sejur, takardar zaman ƙasa. Ba wanda ya gani da idonsa, amma kowa ya ji daga wanda ya ji. Na ji tsoro, 'yan'uwa. Ni kuwa in na ji tsoro, faɗa nake yi.

Ran wata Litinin Hajara, 'yar Maraɗi mai sayar da atamfa, ta kawo 'yarta Amira, 'yar shekara biyu. Jikin yarinyar kamar garwashi, ido ja, hanci na zuba.

Ta ce, “Maman Yara, zazzaɓin haƙori ne.”

Na ɗaga kunnen yarinyar, na ga ƙuraje sun fara fitowa a baya. Na ce, “Hajara, wa kike yi wa wayo? Ina goyon yara tun ba a haife ki ba.”

Ta fashe da kuka. Mijinta direba ne, yana can kan hanya. Takardarta ta zama ta mutu. In ta zauna gida, wata za ta karɓe mata wurin da take shimfiɗa kaya. Ta kama hannuna ta ce, “Don Allah kada ki kai ta gidan likita. Kin san in allura ta taɓa mai ƙyanda, komawa ciki take yi. Ki yi mini alkawari.”

Na yi mata. Ba don tausayinta kaɗai ba. Ni ma da abin na tashi a ƙauyenmu wajen Malumfashi: mai ƙyanda ba a yi masa wanka, ba a buɗe masa taga, ba a kai shi asibiti, a lulluɓe shi sai ta gama fitowa. Haka uwata ta yi mana. Na manta, ko kuwa na ƙi tunawa, cewa mu bakwai ta haifa, mu huɗu muka girma.

Na kai Amira ɗakin ƙurya, na rufe taga, na lulluɓe ta da zane biyu. Ɗakin da jarirai ke barcin rana!

Ran Laraba aka buga ƙofa. Na leƙa, sai ga 'yar'uwarmu Rifkatu cikin fararen kayan aiki, ita da wata nas 'yar Gabon. Ga bokiti mai famfo, ga sabulu, ga akwatin sanyi na allurar riga-kafi. Wanda bai sani ba ya sani yau, Rifkatu ce ta koya mini karatu a ajin manya na ikilisiya. Ita ta riƙe mini yatsa a kan allo.

Na fito na ja ƙofa a bayana, na tsaya a bakinta.

“Sannu da gida, Yaya Hannatu. Taimako muka kawo.”

“Na ce muku ina nema?”

“Yaya, ba rufe miki gida muka zo yi ba. Mu duba yaran, wanda ba a yi wa allura ba mu yi masa.”

“Yarana lafiya lau. Ku je unguwar Okala ku duba 'ya'yan masu mota.”

A daidai lokacin Amira ta yi tari daga ciki. Irin busasshen tarin nan mai tsaga ƙirji.

Rifkatu ta ce, “Wa ke tari?”

Na ce, “Ni ce. Ko tari ma sai da takarda a ƙasar nan?”

Ta dube ni, na dube ta. Ni 'yar ƙungiyar zumuntar mata, mai jan waƙa a gaban ikilisiya, na tsaya na shirga wa malamata ƙarya ido cikin ido. Ba ta musa mini ba. Ta ajiye bokitin a ƙofa, ta yage takarda ta yi rubutu, ta cusa mini a hannu. Ta ce, “Na rubuta da manyan baƙaƙe, yadda muke yi a aji.” Suka tafi. Na jefa takardar cikin gwangwanin biskit ban ko duba ba.

Washegari da tsakar rana, sauran yaran na cin shinkafa, sai na lura ban ji kukan Amira ba tun safe. Da ma ina ƙorafin kukanta. Yanzu shirun ne ya tsinka mini zuciya.

Na shiga na yaye zanen. Idonta ya manne da kwantsa, leɓe ya bushe ya tsage. Numfashi kuwa sama-sama, da sauri, kamar na ɗan tsuntsu. Kowane ja, sai ƙasan haƙarƙarinta ya lotsa. Na sa mata ruwa a cokali, ya zubo ta gefen baki.

Na ruga na zazzage gwangwanin. Na warware takardar Rifkatu, ga manyan baƙaƙen. Na sa yatsa na bi su ɗaya-ɗaya kamar ranar farko: IN NUMFASHI YA YI SAURI, ƘIRJI NA LOTSAWA, KO TA ƘI SHA, KADA KI JIRA. Duk ukun suna gabana a kan tabarma.

Na kira Hajara a waya. Hayaniyar kasuwa ta cika kunnena. Na ce, “Zan kai ta asibiti.”

“Kin yi mini alkawari! Ƙyandar ce take fitowa, haka take yi in za ta fito. Ki jira ni zuwa la'asar. In kika kai ta ta mutu, jininta na wuyanki!”

Ta kashe waya.

'Yan'uwa, ku tsaya a inda na tsaya. 'Yar mutane ce, ba tawa ba. In na kai ta wani abu ya faru, ni na kashe ta. In na bar ta, ni na kashe ta. In na fita da ita, kowa ya san abin da na ɓoye.

Na durƙusa a gefen tabarmar. Ba addu'a mai daɗin ji na yi ba. Na ce, “Yesu, ni ce na rufe tagar nan. Ba Hajara ba, ni. Gidana nake tsarewa, da sunana, da bakina da ba ya karɓar gyara. Ka karɓe gidan, ka karɓe sunan, ka bar yarinyar nan ta yi numfashi. Ka ɗaga mini ƙafa, don ni na kasa!”

Ban ji murya ba, ban ga haske ba, ba zan ƙara muku gishiri ba. Abin da na sani, na miƙe, kuma tsoron mutane ya fita daga jikina kamar an zare ƙaya. Na buɗe tagar da ƙarfi har sakata ta tsinke. Na kira Rifkatu na ce, “Malama, ƙarya na yi miki.”

Ta ce, “Na sani, Yaya. Ɗauko ta yanzu, ina bakin ƙofar asibiti.”

Na roƙi maƙwabciyata ta zauna da sauran yaran, na goya Amira na fita. Ga ruwan sama. Taksi biyu suka tsaya, suka ga ƙurajen, suka ja. Direba na uku wani mutumin Tawa ne. Ya leƙo ya ce, “Shigo, Inna, shigo!” A shataletale muka tarar da cunkoso, mota ba ta gaba ba ta baya. Na sauke ta daga baya na rungume, na sa kunnena a ƙirjinta. Yana kiran Allah, ina kiran Yesu, hannunsa bai bar kan oda ba har muka fita.

Rifkatu ta fizge ta daga hannuna ta shige. Ciwon huhu ne ya hau kan ƙyandar. Aka sa mata robar iska a hanci, aka yi mata allurar da muke tsoro. Ba wanda ya tambayi kart sejur. Abin da suka tambaya karne ne, littafin riga-kafi, kuma Amira ba ta da shi.

Da la'asar Hajara ta iso ba ko takalmi. Ta shaƙe mini wuyan riga a gaban mutane. “Kin ci amanata!”

Na ce, “Na ci. Ki zage ni tana numfashi.”

Kwana huɗu muna tsakanin eh da a'a. A rana ta biyar Amira ta buɗe ido, ta ture robar, ta ce, “Ruwa.” Halleluya! Na yi guɗa a cikin asibitin mutane har aka fitar da ni waje.

Ba a rufe mini gida ba. Rifkatu da abokiyar aikinta suka dawo, a tsakar gidana aka yi wa yara allura. Ikilisiya ta ba ni aron ɗaki don a raba masu zazzaɓi da masu lafiya. Matan zumunta suka riƙa karɓa-karɓa, wannan ta zo da safe, waccan da rana, masu wanke zannuwa, masu dafa abinci. Nas ɗin nan 'yar Gabon da na kora ita ta zauna ta nuna mini yadda ake neman takardar izini.

Amma ba a banza na sha ba. Jarirai biyu da suka yi barcin rana a ɗakin nan sun kamu. An gano da wuri, sun warke, duk da haka ni na jawo musu. Na bi iyayen ɗaya bayan ɗaya na faɗa musu da bakina. Wasu suka yafe. Wasu suka ɗauke 'ya'yansu, har yau ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Hajara ta yi wata guda ba ta gaishe ni. Ran nan da safe sai ga ta a ƙofa, Amira na riƙe da bakin zanenta. Ta miƙo mini sabon karne. Sannan ta ce, “Tunda kin zama malama, karanta.” Na karanta mata, shafi-shafi, muna kuka mu biyu.

'Yan'uwa, akwai irina da yawa a garin nan, mata masu riƙe 'ya'yan mutane a ɗaki biyu, tsoro ya sa sun kulle ƙofa. Ku je musu da bokiti da sabulu. In sun kore ku, ku bar takarda, ku sake komawa. Wanda kuma yake ɓoye wani abu a ƙuryar ɗakinsa yau, kada ya jira la'asar. Ya kai wa Yesu, ya dogara gare shi.

Na gode wa Ubangiji da ya bar Amira da rai, ya kuma bar ni na faɗi wannan da bakina. Sakatar tagar nan har yau ban gyara ba. A buɗe take kwana, a buɗe take tashi. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.