Testar Gwada-Tukuna

Shugaban ƙungiyarmu ta masu gyaran lantarki, malamanmu, likitan da ya kula da marigayi, Hajiya matarsa da yara, ina gaishe ku. Kai kuma ƙanin marigayi, da ka laɓe a bayan ginshiƙi, na gan ka, zan dawo kanka.

Gwada-Tukuna muke ce masa. Ya kasance mutum mai shegen zargi. Ka rantse masa ka kashe wuta, sai ya zaro testa, abin gwada wuta, daga aljihu ya taɓa wayar. Ya kasance mai duba aikinmu a asibiti da makarantu kyauta, yana yi yana harararmu.

Da sankara ta kama furostet ɗinsa, ƙullun nan da maza ke da shi a ƙasan mafitsara, aka yi aiki aka cire, mun ce shi ke nan, ya rabu da ciwo. Likita ya ce a'a, ya riƙa zuwa gwajin jini na PSA, domin wanda aka cire wa, lambarsa kusan sifiri ya kamata ta tsaya. Muka dinga tsokanarsa: "An cire abu, me kake nema kuma?" Sai ya ce, "Kashe makunni daban, mutuwar waya daban."

Wata rana lambar ta kai ɗaya. Wani abokinmu ya ce, "Ni tawa uku ce, kuma lafiyata ƙalau!" Marigayi ya kalle shi sheƙeƙe. "Kai furostet ɗinka yana nan. Ni da aka cire min, daga ina ɗayar ta fito?" Ya koma wurin likita, aka tarar ciwon ya dawo, aka tare shi da wuri. Zargin nan ne, da ikon Allah, ya sa ya ga auren autarsa, har ya goya ɗanta.

Yanzu kai, ƙaninsa. Aiki iri ɗaya aka yi maka. Ka ce wa Hajiya kana zuwa gwaji, ka ce wa yayanka haka har ya rasu. Ni ban yarda ba, shi ma bai yarda ba. Tsoro kake ji, mun sani, mu ma muna jinsa. Ga testarsa, ya ce in damƙa maka a gaban jama'a. Gobe da safe ni zan kai ka gwajin.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Ya Allah, kada ka tara mu nan kusa saboda ƙaninsa.