Gyaɗa a Kan Kabarin Inna

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Habu ne daga wani ƙauye kusa da Minjibir.

Da daminar nan Baba ya rasu, ya bar wasiyya a binne shi kusa da Innarmu. Muka je haƙa kabari, sai muka tarar maƙwabcinmu Malam Sule ya shigo da gonarsa cikin maƙabarta. Gyaɗa ce kore shar a kan kabarin Inna.

Da na yi magana ya ce, "Haba Habu, ku matsa gaba mana, gyaɗar ta kusa ƙosawa."

Ga gawa a ajiye, dole muka binne Baba nesa da Inna.

Jiya ya aiko mana da kwanon gyaɗar, wai sadaka ga mamaci. Masu sauraro, ku ba ni shawara: wa zan ba ya ci?