Lauje da Gafiya Bakwai

A tashar Gummi, ana jiran motar Bukkuyum ta cika, wani magidanci ya dubi sabon laujen da ke hannun wata tsohuwa.

"Inna, an gama girbi, mi za ki yi da lauje?"

"Ciyawar bayan rumbu zan yanke, in share hili kahin wutar daji ta zo."

Ya yi tsaki. "Wahalar banza. Wuta iska take bi. Bara da munka kunna ta dajin Tungar Ila muna farautar gafiya, gabas ta yi abinta."

"Gafiya nawa kunka kama?"

"Bakwai."

Ta shafa kaifin laujen da yatsa.

"Sannu, gwani. Gabas ɗin, nan gidana yake. Rumbun gero biyu sunka ƙone saboda gafiya bakwai. Matsa can, har yanzu ƙauri kake."