Hannuna Ne Ya Rubuta Kuɗin Ruwan

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. A gafarce ni da ƙarfin halin rubutowa. Ɗalibar sakandare ce ni daga Ƙaura Namoda.

Ina koyon lissafin kuɗin kasuwanci ta intanet a wayar yayata. Ranar Talata aka ba mu aikin rubuta bashin banki da kuɗin ruwansa na wani kamfanin gwaji, na yi. Da yamma na ji Baba yana karantar da cewa mai rubuta riba ma tsinanne ne. Tun ranar na kasa cin abinci.

Yayata ta ce, "Ke, sakarya, kamfanin ma na ƙarya ne!" Amma ai hannuna ne ya rubuta.

Jarrabawa ranar Asabar ce. Don Allah a tambayar mini malamai: in yi ko in bari? A ba ni izinin sake rubutowa idan na iya gaya wa Baba.