Ɗakin Awon Ciki da Aka Kulle

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Garba Tela ne daga Makera.

Bara waccan hukuma ta buɗe mana ɗakin awon ciki, har da ungozoma. Ran Talata da hantsi naƙuda ta kama matata Hadiza, jini ya ɓalle mata. Da muka je, ƙofa a kulle. Maigadi ya ce, "Sai haƙuri, Malam. Kuɗin aikin ya ƙare, an sallami ungozoma." Kafin mu sami motar da za ta haye gada da mu zuwa asibiti, Hadiza ta cika. Jaririyar ta rayu.

Malam, ka tambayar mana manya: da kuɗinsu ya ƙare, mata sun daina haihuwa ne?

Ina gaida ƙanwata Asabe, mai shayar da marainiyar.