Lambar Yabo a Hannun Dama, Karɓe Makulli a Hannun Hagu

Mai girma Shugaban Hukumar Gudanarwar wannan asibiti, wanda kuma shi ne shugaban taro. Manyan likitoci da malaman jami'a. Ma'aikatan jinya, waɗanda tun safe ba su zauna ba. Iyaye mata da na hango can baya da 'ya'ya a cinya. Ɗalibaina, 'ya'yana, masu sababbin fararen riguna. Sai kuma gwanar da muka taru dominta, sabuwar Farfesarmu ta cututtukan fata: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na gode wa masu shirya taro da suka ce in faɗi tarihinta. Wataƙila kafin in sauka su yi da-na-sani, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Zan fara da wani ruɗani da yawancinmu muka taso da shi. Da mun ga yaro yana susa, bayan gwiwarsa da lanƙwasar hannunsa sun bushe sun tsattsage, sai mu ja namu 'ya'yan gefe. Wani ya ce ƙazuwa ce, wani ya ce makero ne, kowa kuma a zuciyarsa ya yanke hukunci cewa uwar ƙazama ce. Ɗalibai, ku riƙe wannan ko da shi kaɗai za ku fita da shi: wannan ciwo kirci ne, kirci kuwa ba ƙazanta ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. Fata ce da ta kasa riƙe danshinta, kamar tulun da ya tsage. Tana bushewa, ta yi ƙaiƙayi, a sosa, ta fashe, ƙaiƙayin ya ƙaru. Wanda ya ga tulu yana yoyo ya sa dutse yana gurza shi, me za mu kira shi?

Abu na farko, yadda ta faro. Ita ce ta fi kowa a ajinsu. Malamanta sun riga sun raba ta a tsakaninsu: masu tiyata suna ja, masu zuciya suna ja. Da ta ce fata take so, wani babba, wanda har yau yana da kujera a jerin gaba, ya cire tabarau ya ce mata: "'Yata, duk wannan ƙwaƙwalwa, a kan susa za ki ƙarar da ita?" Aka yi dariya, domin dariyar manya umarni ce. Ta tafi karatun ƙwarewa, ta dawo, aka rasa inda za a ajiye ta, sai aka ba ta ɗakin ƙarshen baranda, kusa da wurin wankin zannuwan gado. Taga ɗaya, famfo ɗaya, benci mai ƙafa uku da bulo.

Abu na biyu, abin da ta yi da ɗakin. Ta lura tana rubuta magani mai kyau, yara suna dawowa da ciwo mai muni. In ta tambayi uwa ko tana yi wa yaro wanka yadda ya kamata, amsar ɗaya ce: ƙwarai kuwa. Sai ta daina tambaya. Ta sayo baho, ta sayo 'yar tsana ta roba, ta ce kowace uwa ta zo da sabulunta da sosonta da duk abin da take shafa wa yaro, ta yi wa 'yar tsanar wanka a gabanta kamar yadda take yi a gida.

Wata rana wata mai ɗinki ta zo da 'yarta. An dawo da yarinyar daga makaranta, wai kada ta shafa wa sauran. Surukar matar kuma ta riga ta bi dangi tana cewa ɗanta ya auro wadda ba ta san tsafta ba. Don ta wanke kanta daga wannan gori, sau uku take tsoma yarinya a ruwan zafi kullum, da sabulun kashe ƙwayoyin cuta da soso mai kaushi. Aka miƙa wa uwar 'yar tsana. Ta naɗe hannun riga, ta dirje ta da iya ƙarfinta, har jan fentin kumatun ya fito a jikin soso. Farfesa ta ɗaga soson ta nuna mata, ta ce: "Yaya, roba ce fa wannan. In roba ta koɗe, ina ga fatar 'yarki?" Matar ta zauna a ƙasa tana kuka. Ta ce ita duk a zatonta ƙauna take nunawa.

Aka koya mata abin da ake koya wa kowa a ɗakin: ruwa mai ɗumi-ɗumi, tafin hannu maimakon soso, a dangwale jiki da tawul ba a goge ba, a shafa mai mara turare tun fata tana da laima, a yanke farce, maganin likita a inda likita ya ce, a kuma zubar da haɗe-haɗen nan na kasuwa da ke kwantar da ciwo yau su cinye fata gobe. Da mai ɗinkin ta dawo, tare da surukar ta zo. Tsohuwa ta ce ita ma a ba ta 'yar tsanar, domin ba za a ce matar ɗanta ta fi ta iya wankan jika ba. Yarinyar ga ta can, mai jan ɗankwali. Ɗaga hannu, 'yata, su ga yadda lanƙwasar hannunki ta warke.

Abu na uku, ladan da ta samu a wurinmu. Suna muka raɗa mata: Mai Baho. A ɗakin shan shayi ana tambayarta ko jaririyar roba ta kwana lafiya. Da ta tattara abin da ta gani cikin shekaru, iyali bayan iyali, ta kai wa kwamitin ƙarin girma, aka dawo mata da shi, wai ba a ga na'ura a ciki ba. Ilimi a wurinsu sai abin da ake jona wa wuta. Sai da mujallun masana na waje suka buga aikin, sai da baƙi suka fara zuwa suna tambayar ina ɗakin bahon yake, sannan kwatsam kowa ya tuna shi ya ba ta shawara tun farko. Na ga wanda ya raɗa mata sunan da idona yana jagorantar baƙi, yana cewa "ɗakinmu". Ɗan hakin da ka raina!

Yanzu ga abin da ba a rubuta a takardar gayyata ba. A zaman Hukuma mai zuwa za a yanke shawara a kan mayar da wannan ɗaki falon hutawar manyan baƙi. An riga an auna bango. An zaɓi launin labule. Masu kirci kuma, an ce su bi layin kowa da kowa, inda likita ke sallamar mutum kafin ya gama zama, inda babu famfo, babu baho, babu wanda zai ce wa uwa nuna mini. Wato yau mu miƙa mata lambar yabo ta gilashi mai sunanta da hannun dama, gobe mu karɓe makulli da hannun hagu. Baƙin da ke zuwa ganin ɗakin, su za a zaunar a kan kushin a inda ɗakin yake a da, a ba su ruwan sanyi, a ba su labarinsa. Wannan hikima ta fi ƙarfin karatuna.

Na san abin da za a ce: kirci ba ya kisa. Gaskiya ne. Yana dai hana yaro barci, ya hana shi makaranta, ya sa a nuna uwarsa da baki a gidan aurenta. Wanda bai taɓa riƙe hannun ɗansa don kada ya yage fuskarsa ba, shi ke da bakin cewa ƙaramin abu ne. Jiki magayi.

Ɗalibaina, kada ku zaɓi fanni don tafin da za a yi muku. Ku zaɓi inda mutane ke shan wuya ana yi musu dariya, akwai aiki a can.

Allah Ya ƙara wa Farfesa lafiya da haƙuri da mu. Allah Ya ba yaran nan barci mai daɗi, Ya sanyaya zukatan iyayensu. Allah Ya yi wa Hukuma jagora, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Amma kafin a tashi: a bakin ƙofa an ajiye baho da ruwa, da soso, da 'yar tsanar nan mai koɗaɗɗen kumatu. Duk mai fita ya tsaya ya yi mata wanka yadda ya saba yi wa nasa, iyayen da ke baya za su duba masa. Gani ya kori ji. Ɗan Hukumar da ya iya, ya je ya kaɗa ƙuri'arsa yadda ya ga dama. Ranka ya daɗe Shugaba, babba ake fara ba wa ruwa. Ga tawul.

Na gode.