Fatar Baba da Na Sayo a Ikko

Kuɗin motar da ta fitar da ni daga Sakkwato, tunkiyar Inna ce. Ta sa aka kai ta kasuwa ba tare da ta shawarci kowa ba, ta ƙulle abin da aka samu a tsumma ta cusa mini a aljihu. Ku matso kusa, yara, muryata ba ta zuwa nesa yanzu. A lokacin tutar Bature ba ta sauka ba, ni kuma gemu bai fito mini ba, ina karatun littattafai a wani zaure kusa da Hubbare. Sunan malamin ya ɓace mini, Allah Ya jiƙansa, tarinsa kawai nake tunawa.

Ga abin da ya fitar da ni. Baba mahauci ne, kuma a fiɗa aka san shi. Idan ya cire fatar akuya, sai ka ce riga ya tuɓe mata. Sai wani kamfanin Turawa ya buɗe sito a Sabon Gari yana sayen fatar jar akuyarmu. Suka ajiye akawu, ɗan garin nan ne, har na san gidansu, amma ya sa gajeren wando da safa har gwiwa, ya maƙala fensir a kunne, ya daina amsa sallama sai da hanci. Shi ke raba fatu: lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku. Ta Baba kullum lamba uku. Shekara da shekaru haka, alhali mai karɓar haraji ba ya ragi don an ba ka uku.

Talaucin da sauƙi. Abin da ya fi ciwo shi ne Baba ya yarda. Wata rana ya dawo ya rataye wuƙarsa a bango ya ce, "Hannuna ya mutu. Tunda masu ilimin abin sunka ce ban iya ba, to ban iya ba." Bai sake zuwa mahauta ba. Sai ya wuni a zaure yana juya tafin hannunsa yana kallo.

To, sai na nufi Ikko neman abin da zan riƙe gida da shi. Na shiga mota zuwa Gusau, daga nan jirgin ƙasa. Ko Ƙaura ce muka hau jirgin? Bari dai. Wani Bakano a cikin jirgin, ina buɗe baki ya ce, "Basakkwace, ina za ka da wannan harshen?" Na ce inda za ka da naka.

Ikko kuwa, ruwa a sama, ruwa a ƙasa, mutane suna gudu kamar an biyo su. Na sami ɗaki a gidan wata Bayarba mai suna Mama Sikira, mu da yawa a ciki, kowa ya kwanta sai ya sa ƙafa a kan wani. Ban yi mako ba ta tare ni a ƙofa. Mola take ce mini, wato malam.

"Mola, kai wari! Wari kamar mushe!"

Na ce, "Mama, warin aiki ne. Kuɗin hayar da nake ba ki ma daga cikinsa suka fito."

Ta ce, "Kuɗi ba wari. Kai wari. Wanka waje!"

Haka na riƙa wanka a bakin famfon titi kafin in shiga ɗakin da nake biya.

Aikin a bakin teku yake, wurin da suke kira "wof". Na daɗe ina zaton haushin kare suke kwaikwayo. Sito ne na kamfanin nan dai mai sayen fata a garinmu, inda ake tara kayan Arewa kafin a loda wa jirgin ruwa. Da heluma, wato shugaban leburori, ya ga ina iya karatu, sai ya ɗauke ni daga dako ya ba ni tambari da tawada. Baturen wurin, Jan Kunne muke ce masa, yana tafe da hankici a hanci, yana nuna fata da sanda don kada ya taɓa. Idan ya ce "fos", in buga ɗaya. Idan ya ce "sakan", in buga biyu. Mutumin da ke ƙyamar fata, da ita aka gina masa gidan bene, har da mai yi masa fifita.

Na tsaya a ina? Yauwa, tambari.

Wata safiya aka kwance wani ɗauri da ya daɗe a sito. Ina ɗaga fata ta farko na ga aikin Baba ne. Baba bahago ne, saboda haka hudar da yake yi a wuyan fata don shanya takan karkata hagu, kuma biyu yake yi a jere. Ko a cikin dubu zan gane ta. Jan Kunne ya nuna ta da sanda ya ce, "Fos." Ta biyu, "Fos." Har ɗaurin ya ƙare bai ce sakan ba. Ni da hannuna na buga wa fatun Baba lamba ɗaya, waɗanda aka biya shi a lamba uku.

Na ajiye tambarin na ce wa heluma, "Gaya mishi wagga hwata ta ubana ce. A Sakkwato uku anka ce."

Heluma ya ce, "Kai, rufa wa kanka asiri. Kowa a nan ya san haka ake yi."

"Gaya mishi dai."

Ya gaya masa. Jan Kunne ya yi dariya har ya sauke hankicin, ya yi magana. Heluma ya fassara: "Ya ce a Sakkwato saye ake yi, a nan sayarwa ake yi. Ya ce kai malami ne ko lebura?"

Na ce a sayar mini da guda ɗaya. Suka dubi juna. Bature ya ce to, amma a farashin lamba ɗaya, kuma daga yau ba ni da aiki. Abin da na tara don komawa gida da shi, rabinsa ya tafi a kan fatar akuya guda, wadda aka yanka a bayan gidanmu.

Ku da kuke sayen takalmin waje kuna hura hanci, wa ya sani ko akuyar maƙwabcinku ce ta je ta dawo da sunan wani gari? Har yau ban ga abin da ya sauya ba, sai dai akawun ya daina sa gajeren wando.

Sa'o'ina da suka je Ikko sun dawo da keke da agogo. Ni na dawo da fata a naɗe a hammata. Na shimfiɗa ta a gaban Baba. Ya shafa hudar wuyan, ya shafa tambarin, ya ce, "Mi ag ga nan?" Na ce lamba ɗaya ce, Bature da kansa ya faɗa. Ya tashi ya sa hula ya ce in biyo shi.

Muka tarar da akawun a kan kujerarsa. Baba ya ajiye fatar a teburinsa kamar mai sayarwa. Akawun ko juya ta bai yi ba, ya ce, "Uku."

Baba ya juya ta da kansa, ya ɗora yatsa a kan tambarin.

Akawun ya duba, ya cire fensir daga kunne, ya mayar. Ya ce, "Wannan tambarin Ikko ne, tsoho. Nan Sakkwato muke."

Na zaci Baba zai yi faɗa. Sai ya naɗe fatarsa a hankali, ya dubi akawun daga safa har fensir, ya ce, "Allah Sarki, ɗan Hajo. Ashe kai ma ba ka san mi kaka dubi ba, abin da anka ce ka hwaɗi kaka hwaɗi."

Muka fito. Muka kama hanyar gida. A bakin zaure ya tsaya ya miƙa mini fatar.

"Kai wa uwarka ta ajiye. Kuma ka nemo mini dutsen washi, gobe da aiki."